Kar a Ɓata wa Verna Takarda

Durnford's Arm, Oktoba 1993

Verna 'yar nan,

Gaisuwa daga ni, da kuma goggonki Vina da ke tsaye a kaina tana cewa in gyara hannu, wai rubutuna kamar kaza ta taka tawada. Muna nan lafiya, irin lafiyar tsofaffi. Gwiwata ta hagu ta fi rediyo sanin ranar da iska za ta tashi. Dankali ya yi kyau bana, kabeji kuwa mun raba da tsutsa, ita ta ɗauki kaso mai tsoka. Ina fata kina lafiya a Thunder Bay ɗin nan da aka ce ko teku ba ku da shi, sai wani tafki mai kwaikwayo.

Kin san ni da alƙalami ba ma shiri. Ni da kakarki 'ya'yan wa da ƙani ne, dangantakar da in a wani gari ne ko katin Kirsimeti ba ta wajabta ba. Sai dai manyan da suka fi ni kusa da ke duk suna kwance a bayan coci, shi ya sa abin ya faɗo kaina.

Maganar Garland ce. Tun da gwamnati ta hana kamun kifi bara, ya jawo jirginsa tudu kamar kowa. Da farko yana zuwa taro, yana zagin manyan gwamnati na Ottawa tare da mu, kuma zagin nan yana riƙe mutum. Yanzu ya bari. Da safe sai ya gangara rumfarsa ta bakin ruwa, ya kife bokiti ya zauna, taru na rataye a gabansa ko taɓawa ba ya yi. Matarsa Loretta ta ce abinci kamar magani yake haɗiya. Nas ɗin da ke zuwa a jirgin fito ta yi masa tambayoyi, ya ba ta labarin hazo.

Ni ma na je na zauna da shi. Na kwashe duk labaran da na gada na zuba masa, har wanda limamin coci ya hana ni bayarwa, ko murmushi bai yi ba. Sai da na miƙe zan tafi ya ce, “Kawu, da Verna na nan, da na gaya mata.” Na ce ka gaya mata me? Ya ce, “Da dai na gaya mata.”

To kin ji. Gida ɗaya kuka tashi tun da mahaifiyarki ta rasu tasa ta ɗauke ki, shi ya ɗaukar miki akwati ranar da kika tafi. Kin daɗe kina karatun abin da ke cikin kan mutane, har yaran da aka haifa bayan tafiyarki sun fara yi mana rashin kunya. Ga kai guda a gida yana jiranki. Ki zo Kirsimeti.

Kawunki,
Hedley Pardy

Thunder Bay, Nuwamba 1993

Kawu Hedley,

Na gaishe ka da Goggo Vina, Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ni lafiya lau, ban da mura da gajiya. Wasiƙarka ta faranta min rai a farkonta, ƙarshenta kuma ya hana ni cin abinci.

Bari in faɗa maka inda nake, don na san a gida ana ganin na gama. Digiri na biyu na kammala, amma har yanzu ba ni da ikon kiran kaina masaniyar halayyar ɗan'adam. Sai na yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, yana duba duk abin da nake yi, sannan in rubuta jarrabawa, sannan hukumar masu sana'ar ta sa sunana. A asibitin nan Dakta Halvorsen ce ke sa min ido, wata dattijuwa mai kirki da ba ta barin ko ƙura ta wuce.

Abu na farko da aka koya mana shi ne mutum ba ya duba ɗan'uwansa, ko abokinsa, ko maƙwabcinsa. Dalilin ba na banza ba ne, Kawu. Wanda kake ƙauna ba ka iya ganinsa sarai. In abin da ke damun Garland ya shafi mahaifiyarsa, ta yaya zai faɗa wa wadda ta ci daga hannunta? Wani da muka yi karatu tare ya riƙa zama da mijin ƙawarsa don taimako, abin ya lalace, aka kai ƙara, aka soke masa duk aikin da ya tara. Yanzu daga farko yake sakewa.

Garland yana bukatar wanda ya ƙware, kuma baƙo. Nas za ta iya haɗa shi da asibitin babban gari, don Allah ka matsa masa. Kirsimeti kuwa mu sababbi ake bar wa aiki, ba zan samu fita ba.

In Allah ya sa na samu rajista, burina in dawo in yi aiki a yankinmu. Ka gaishe min da shi sosai.

'Yarka,
Verna

Durnford's Arm, Janairu 1994

Verna 'yar nan,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Ƙanƙara ta rufe bakin ruwa, jirgin fito sai ya ga dama yake zuwa, saboda haka ban san yaushe wannan za ta same ki ba. Vina ta yi kek ɗin Kirsimeti irin na kullum, wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an ɗaure.

Na karanta dokarku har sau uku. Ban ce ba ta da hikima ba, amma wanda ya tsara ta bai taɓa sauka a nan ba. Garin nan sunaye uku ne, Pardy da Keeping da Durnford, kuma mun auri juna har an gaji da lissafi. In kin dawo aiki wa za ki duba? Wanda ba danginki ba a nan daga limamin coci sai karen Loretta, shi ma karen ba zan rantse ba.

Muna yara akwai Inna Tryphena. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wanke gawa. Ta karɓi 'ya'yan ƙannenta, ta wanke mijinta da hannunta. An taɓa tambayarta ko hannunta ba ya rawa in nata ne, ta ce yana yi mana, sai dai in ta jira wanda nasa ba ya rawa, jaririn zai yi gemu a ciki. Ba gardama nake ja da malamanku ba, labari ne ya zo baki.

Na kai wa Garland wasiƙarki na karanta masa. Batun asibiti bai bari na kai ƙarshe ba, ya ce ba zai hau jirgi da mota don ya je ya yi wa baƙo kuka ba. Amma da na zo inda kika ce za ki dawo in kin samu rajista, sai ya ɗago kai. Ya ce yaushe ne takardar? Na ce ina jin in ƙanƙara ta narke. Ya ce to, zai jira.

Kuma kin san wani abu? Ya fara kankare fentin jirgin. A sanyin nan, da safar hannu. Jirgin ba inda za shi, amma mutum ya tashi daga kan bokiti, ni kuwa ba zan tambayi dalili ba. Loretta ta ce ranar Lahadi har ƙari ya nema.

Kafin takardar ta fito, ki rubuto masa ko layi biyu ne. Ba na likita ba, irin wanda ƙanwa ke rubuta wa wanta, ki tambaye shi kare, ki zagi yanayi.

Kawunki,
Hedley

Thunder Bay, Afrilu 1994

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na sauya ɗaki, wasiƙarka ta yi kwanciyarta a tsohon gidan har sai da mai gidan ta tuna da ita. Ina lafiya. Jarrabawa a Yuni ce.

Kawu, an yi kuskure, kuma laifin rubutuna ne. Rajista ba ta ɗage dokar nan. Da takarda da babu, ba zan taɓa zama mai duba Garland ba. Hankalina ya tashi da na ji yana jira, don abin da yake jira ba ya zuwa. Don Allah ka faɗa masa a fili, kada ya gina a kan iska.

Layi biyun da ka ce, na gwada. Na rubuta na yaga ya fi a ƙirga. Sai in fara da kare, kafin in ankara na koma yaya barcinka, tun yaushe kake jin haka, kana tunanin cutar da kanka? Tambayoyin ofis. Kunnena ya saba da wani irin sauraro, ban san yadda ake kashe shi ba. Na ɗauki waya na buga lambarsu, na ajiye kafin ta shiga. Tsoro nake ji ya fara magana in kasa tsayar da shi, in wayi gari ina yin abin da aka hana ni, ga jarrabawa a bakin ƙofa.

Na faɗa wa Dakta Halvorsen. Ta cire tabarau ta ce ba wanda ya hana ni zama ƙanwarsa, aikin kawai aka hana. Na ce na gane. Gaskiyar magana ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba, ita kuma ban iya ce mata haka ba, don ita ke rubuta ko na isa.

Bari in wuce Yuni. Da na gama zan zo da ƙafata, kaina a sake. Wata biyu ne kawai.

Verna

Durnford's Arm, Mayu 1994

Verna,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ƙanƙara ta tafi, hazo ya karɓe ta.

Na isar da saƙonki. Na sami Garland a gindin jirgin, na faɗa masa yadda na fahimta, har da labarin yaron nan da aka soke wa aiki, don ya san ba ƙinsa kike yi ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, “Wato in na yi mata magana za su iya ƙwace takardar?” Na ce haka dai na gane, amma ni ba karatu na yi ba. Ya gyaɗa kai ya ce gara da ya sani. Ya goge wuƙar kankarar ya rataye.

Goggonki ta ba da labarin a kanti, kin san labarin da ya shiga kanti ya shiga gari. Kowa na yabonki, ana cewa ashe abin da wuya haka.

Ki maida hankali kan jarrabawarki. Nan ba wani labari.

Kawunki,
Hedley

Thunder Bay, Satumba 1994

Kawu Hedley,

Na iso lafiya. Ka gode wa Goggo Vina, kifin da ta ƙunsa min ya sa duk wanda ke motar ya san daga inda na fito. Akwai abin da na kasa faɗa maka a gida, shi zan rubuta.

Mako biyu na yi, ban ji mutum ɗaya ya ce kansa na ciwo ba. Garin da na sani, in ka ce wa mace ina kwana sai ta ba ka tarihin bayanta tun daga haihuwar fari. Wannan karon kowa lafiya lau. In na shiga kanti sai hira ta koma kan hazo. An yi min liyafa a zauren coci, an zagaya da takardar rajistar da na samu hannu zuwa hannu, kowa sai ya goge yatsu kafin ya taɓa. A wajen wata yarinya na ji cewa Loretta ta koma gun yayarta a St. John's tun Yuni. Kai ma ba ka faɗa min ba, Kawu.

Na je wurin Garland washegarin zuwana. Ya yi aski, ya sa rigar coci, ya share kicin. Ya dafa shayi ya kawo biskit a faranti, kamar limami ne ya zo. Wandonsa da igiya ya ɗaure. Ya tambaye ni jirgi, ya tambaye ni tafkin, ko da kifi a ciki. Na ce Garland, ba aiki na zo yi ba, ni ce, wadda ka jefa a ruwa don ta koyi iyo. Ya yi dariya kaɗan ya ce ai na koya.

Na ce, Kawu ya ce akwai abin da kake son gaya min. Ya daɗe yana juya cokali. Sai ya ce, “A'a, 'yar'uwa. Kin sha wuya kafin ki samu takardar nan. Ba ni zan ɓata miki ba.”

Na yi masa bayani. Na ce ba haka dokar take ba, ba mai ƙwace komai don wa ya yi wa ƙanwarsa magana. Na faɗa ta gaba, na faɗa ta baya, har na ji muryata ta koma irin ta ofis. Ya bar ni na gama, ya ce ya gane, ya ƙara min shayi. Na koma sau huɗu. Kullum da rigar coci.

Ba zan ga laifinsa ba. Ya ga na yi kusan shekara ban buga waya ba, don me zai yarda cewa maganar ba ta da haɗari? Abin da na yi ya fi abin da na ce ƙarfi.

Batun aiki a yankinmu, na tambaya a babban gari, ba gurbi, in ma akwai rabin masu zuwa danginmu ne, kamar yadda ka faɗa kana wasa. Nan sun ba ni aiki, na karɓa. Na rubuta wa Garland jiya, shafi guda, ba tambaya ko ɗaya a ciki. Abin bai ɗauke ni rabin awa ba.

'Yarka,
Verna

Durnford's Arm, Nuwamba 1994

Verna 'yar nan,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda kin yi ƙorafi, bari in ba ki hakkinki: gwiwa ta kumbura, Vina na fama da hawan jini kuma ta ƙi barin naman gishiri, ni kuma barci ya rage. Kin ga ban ɓoye ba.

Batun Loretta kin yi gaskiya. Na ɗauki alƙalami a lokacin, sai na tuna jarrabawa, na ajiye. Duk garin haka muka yi ta lallaɓa ki kamar ƙwai a cokali. Garin neman gira muka rasa ido, mu da ke duka.

Wasiƙarki ta sami Garland. Na ga ambulan a aljihun rigarsa, ya yi laushi don buɗewa.

Garland ya tafi. Wani ɗan Keeping ya samo masa aiki a wajen haƙar mai a Alberta, ya bi shi a mota farkon watan nan. Jirgin ya bar wa duk mai so, ba wanda ya so, yana nan gefe ɗaya a kankare. Karen yana wurinmu. Ranar tafiyar na raka shi bakin jirgin fito, na ce hanyarku ai ta garin Verna za ta bi, ba wata hanyar. Na rubuta masa sunan asibitin da unguwar. Na ce zumunci a ƙafa yake, ka tsaya ko ruwa ka sha. Ya karɓa ya sa a hula.

Ya bugo waya ranar Lahadi. Sun isa lafiya, sanyin can wai ba ruwa a cikinsa, ɗaki ɗaya su shida. Muryar dai ita ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Na ja hirar iya ja, sannan na tambaye shi ko ya gan ki.

Ya ce sun iso garinku da tsakar rana, ya sa yaron ya kauce daga babbar hanya. Sun sami asibitin. Suka tsaya a tsallaken titi, ya ci burodinsa a cikin mota yana kallon ƙofa. Mutane na shiga suna fita. Yaron ya ce ka shiga mana, ai ƙanwarka ce. Ya ce a'a, wurin aikinta ne, kar wani ya gan shi ya zaci wani abu. Da ya gama cin burodin suka kama hanya.

Muka zo sallama. Ya ce in na rubuto miki in gaishe ki, in kuma ce miki ginin yana da kyau.

To na faɗa miki.

Kawunki,
Hedley Pardy